Ina Aka Kwana A Aikin Jirgin Cikin Gari? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk garin da aka soma aikin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, irin mai tafiya da lantarkin nan da wasu ke ce wa tiram, tambayoyin mutane kusan iri ɗaya ne, ko a Adis Ababa ne ko a Toronto ta Kanada. An toshe titi, an kafa kwano, ƙura ta ishi kowa, amma jirgi shiru kake ji. Ga waɗanda aka fi yi nan, na amsa su da abin da ya faru a garuruwan da suka riga suka sha wannan wahalar.

Wai shi wannan jirgin meye bambancinsa da jirgin ƙasan da muka sani?

Dogon dai kusan iri ɗaya ne, yawanci tazarar milimita 1,435 ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe kamar na manyan jirage. Bambancin a jiki yake da kuma hali. Shi wannan ba shi da kan jirgi daban mai jan taragu, injinansa suna ƙarƙashin taragun ne, yana iya shan kwana mai tsauri irin ta mita 25 wadda babban jirgi ko a mafarki ba zai sha ba, yana hawa tudu, kuma yana iya bin tsakiyar titi kafaɗa da kafaɗa da motoci. Guda ɗaya mai tsawon mita 30 yana kwasar mutum wajen 200. Tashoshinsa kusa da kusa suke, wani lokaci ko kilomita ɗaya babu tsakani.

Sai dai sunan nan na ƙaramin jirgi yana da ruɗani, don akwai layukan da ake kira da shi amma idan ka duba ginin nasu na babban jirgi ne, layin jirgin Legas da ake kira shuɗin layi misali ne.

Shekara guda ana tonon rami, ko ƙarfen dogo ɗaya ban gani ba. Anya ana aiki kuwa?

Ana yi, kuma wallahi wannan shine wurin da ya fi cin lokaci a duk aikin. Ƙarƙashin kowane babban titi na tsohon gari cike yake da kaya: bututun ruwan famfo, na bahaya, na gas, kebul ɗin wuta, wayar tarho da ta intanet, kwalbatocin ruwan sama, wasu an binne su tun kafin a haifi injiniyan da ke tsaye a wurin. Dole sai an kwashe su daga inda dogo zai bi an mayar da su gefe, kuma kowane ɗaya da mai shi, kamfanin ruwa ba zai bari ka taɓa nasa ba sai ma'aikatansa na wurin, na wuta ma haka, sannan ba ka isa ka yanke wa unguwa ruwa wata guda ba don kana gina jirgi, sai ka shimfiɗa sabon bututu ka haɗa shi tukunna ka kashe tsohon.

Babbar matsalar ita ce taswira ƙarya take yi. Takarda ta ce bututu yana hagu, a tona a same shi a dama, ko a ci karo da kebul ɗin da babu wanda ya san na waye, kuma babu mai hankalin da zai sa masa zarto kafin ya tabbatar babu wuta a ciki. A Edinbura ta ƙasar Sikotilan abin da ya kwantar da aikin kenan. An soma a 2008 da niyyar gamawa a 2011, ɗan kwangilar shimfiɗa dogo ya iso ya tarar masu kwashe bututu ba su gama ba, rigima ta ɓarke kan wa zai biya kuɗin zaman jira, aiki ya tsaya cak. Ba a ɗauki fasinja ba sai watan Mayun 2014, shi ma bayan an gutsure layin, kuɗi kuma ya kai fam miliyan 776. Ragowar da aka yanke zuwa unguwar Newhaven sai 2023 aka buɗe ta. A Sidni ta Ostareliya ma kan kebul ɗin wutar da ke ƙarƙashin titin George ne ɗan kwangila ya maka gwamnatin jiha a kotu a 2018, daga baya aka sasanta kan dalar Ostareliya miliyan 576.

Don haka in ka ga rami babu dogo kar ka ce an cinye kuɗin. Mai yiwuwa an ci ɗin, wannan magana ce daban, amma ramin kansa ba shaida ba ne.

To a bar bututun a inda suke mana, a ɗora dogon a kai?

Ranar da bututun ya fashe fa? Sai ka tsayar da jirgi ka fasa kankaren layi kafin ka kai gare shi. Sannan akwai wani abu da mutane ba su sani ba, wutar da jirgin ya sha ta cikin dogo take komawa tashar wuta, kaɗan daga ciki takan zurare cikin ƙasa, idan ta samu bututun ƙarfe a kusa sai ta bi shi tana cinsa kamar tsatsa har ya huje. Shi yasa ma ake naɗe dogon da roba kafin a zuba masa kankare.

An ce aiki ya kai kashi 80 cikin 100. Kenan saura ƙiris?

Hmm. Nan ne ake yi wa jama'a wayo ba tare da an yi musu ƙarya ba. Ka fara tambaya tukunna, kashi 80 na me? Na kuɗin da aka kashe, ko na kankaren da aka zuba, ko na tsawon dogon da aka shimfiɗa? Kowanne lissafinsa daban. Siminti da rodi da gadoji su ne ke lashe mafi yawan kuɗi kuma su ido ke gani, shi yasa kason ke gudu da sauri a tsakiyar aiki. Abin da ya rage a ƙarshe kuwa ba shi da nauyi a lissafi amma shi ke riƙe da ranar buɗewa: jan waya, haɗa sigina da danjar titi, manhajar da ke gaya wa ɗakin kula inda kowane jirgi yake, na'urar tikiti, koyar da direbobi, takardar amincewar hukumar kiyaye haɗari.

Kuma layin dogo ba kamar titi ba ne da za a buɗe rabi ana lallaɓawa ta gefe. Idan kilomita 20 ne aka gama 19 da rabi, ragowar rabin nan kuma ya faɗo a tsakiya, kan wata gada ko filin da ake shari'a a kansa, to jirgi ba shi da hanya, kashi 97 ɗinka sunansa sifili. Layin Eglinton na Toronto kilomita 19 ne, an soma shi a 2011 aka ce 2020 za a buɗe, dogo ya daɗe a shimfiɗe tashoshi sun tsaya kyam ana wucewa ana kallonsu, amma har shekarar 2024 ta ƙare ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba, ana ta fama da gyaran kurakurai da manhajar sigina.

To da me zan gane cewa da gaske an kusa?

Ni dai ba hoton tasha mai sabon fenti nake kallo ba. Garejin jiragen nake fara tambaya. Can ne ake kwana da su, ake wanke su, ake gyaran burki da ƙafafu, galibi ɗakin kula da zirga-zirga ma yana can, kuma yawanci a bayan gari yake inda babu mai zuwa ɗaukar hoto. In gareji bai kammala ba ko an kawo jiragen babu inda za a sauke su balle a gwada.

Bayan shi sai ƙananan tashoshin wuta da ake ginawa a bakin layi, an haɗa su da babban layin lantarki ko kuwa ɗakuna ne kawai babu taransifoma a ciki? Sai jiragen kansu, nawa suka iso cikin nawa aka yi oda. Sai kuma a ji ko an ɗauki direbobi, domin koyar da su wata da watanni yake ci. Duk sanarwar da ta amsa waɗannan huɗun da lamba da kwanan wata, to mai ita ya san abin da yake yi. Wadda ta tsaya kan "aiki na tafiya yadda ya kamata" kuwa, ka dai ji kawai.

Sun zuba kankare sun watse, sati biyu babu kowa a wurin. Lalaci ne?

Ba lallai ba. Kankare sai ya kwana 28 kafin a ce ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma ana ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaji a matse shi da inji a gani. Wani aikin kuma da daddare ake yinsa, musamman a mahaɗar tituna da ba za a iya rufewa da rana ba. Amma in wata uku ya wuce ciyawa ta fara fitowa cikin rodi, an kwashe katafila da tifofi daga wurin, wannan kam ba kankare ake jira ba, kuɗi ne suka tsaya.

Yaya ake shimfiɗa dogon ne a cikin titi?

Iri biyu ne. Inda jirgin ke da filinsa shi kaɗai ana iya yin irin na gargajiya, tsakuwa a ƙasa dogo a sama, ya fi araha ya fi sauƙin gyara. A cikin titi kuwa binne shi ake yi cikin kankare ya yi daidai da kwalta, kuma dogon na musamman ne mai ɗan kwari a jikinsa inda bakin ƙafar jirgi ke shiga, don mota da mai tafiya a ƙasa su iya tsallakawa. Wasu garuruwan Turai har ciyawa suke shukawa a tsakani, tana rage ƙara tana shan ruwan sama.

Ƙarafan guntu-guntu suke zuwa, kamar mita 18 kowanne, sai a yi musu walda su zama ɗaya. Waldar ma abin kallo ce, ana ɗora wata tukunya a kan mahaɗar a cika ta da garin alminiyom da na tsatsar ƙarfe a kunna, zafin ya haura digiri 2,000, narkakken ƙarfe ya zubo ya cike tsagar, in ya huce a goge shi sumul, daga baya a bi kowace mahaɗa da na'ura ana neman tsaga a ciki. Kuma ƙarfe yana miƙewa in ya ji rana, dogo mai tsawon kilomita ɗaya idan zafi ya ƙaru da digiri 30 zai so ya ƙara wajen santimita 35, tunda an ɗaure shi ba shi da wurin zuwa sai ƙarfin ya taru a cikinsa. Saboda haka ba kowane lokaci ake ɗaure shi ba, akwai zafin da ake jira, ko a ja shi da inji ya kai tsawon da ake so. Kuskuren milimita kaɗan a nan shi zai sa jirgi ya yi ta kuka a kwana shekara da shekaru.

Me ya hana a yi shi duka a sama ko a ƙarƙashin ƙasa a huta da cunkoso?

Kuɗi. Gadar sama ta ninka na ƙasa tsada, rami kuma ya ninka gadar, ga shi kowace tasha sai an yi mata matakala da lifta da fanka da hanyar gudu in gobara ta tashi. Ramin ma da nasa haɗarin, a Otawa babban birnin Kanada ana cikin haƙa a watan Yunin 2016 titin Rideau ya burma, ramin ya haɗiye wata mota da ke ajiye, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Yawancin garuruwa gaurayawa suke yi, ƙasa inda akwai fili, gada inda za a tsallake ruwa ko babbar mahaɗa, rami a ƙuryar gari in aljihu zai ɗauka. Na Toronto ɗin nan kusan kilomita 10 cikin 19 a rami yake.

Amma ka sani, na ƙasa in ba a ba shi hannunsa shi kaɗai ba kuma danja ba ta ba shi fifiko, to bas ce kawai mai tsada, zai maƙale a gosulo kamar kowa.

Wutar fa? Idan aka ɗauke sai mu kwana a hanya?

Yawancinsu bolt 750 suke sha daga wayar da ke rataye a sama, ana ba ta wuta daga ƙananan tashoshin nan da ke duk bayan kilomita ɗaya ko biyu, kuma ana tsara su yadda in ɗaya ta mutu na gefenta za su riƙe. Garin da wutarsa ba ta da tabbas dole ya ja wa layin wayarsa ta musamman ko ya gina masa tashar kansa, kuma wannan ma aiki ne mai zaman kansa da ke iya makara. Shuɗin layin Legas da aka buɗe a Satumbar 2023, makonnin farko kan jirgi mai shan dizal ne ke jan taragun kafin a kunna lantarkin.

Akwai garuruwan da ba sa son ganin waya a tsohon gari. Bordo ta Faransa tun 2003 ta binne wutar a wani ƙarfe na uku tsakanin dogo, wanda ba ya ɗaukar wuta sai daidai gaɓar da jirgi ke kanta, kana iya taka shi lafiya lau. Wasu kuma batir suke sa wa jirgin ya tsallake wurin. Duka biyun sun fi waya tsada.

Ga jirgi can yana ta yawo babu kowa a ciki, wata nawa kenan. Me ake jira?

Gwaji ake yi, kuma in za ka ji shawarata kar ka taya masu cewa a yi sauri. Farko a hankali ake jan sa kamar tafiyar ƙafa, an manna masa soso a jiki injiniyoyi na bin sa a ƙasa suna duba ko zai gogi bakin tasha ko falwaya. Sai a kunna wuta a gwada gudu da burki, a loda masa buhunan yashi ko jarkokin ruwa daidai nauyin fasinjoji a sake gwadawa. Sai gwajin sigina, kowace danja da kowace mahaɗar dogo ɗaya bayan ɗaya. Sai a yi atisaye da 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Na ƙarshe shine a tafiyar da jiragen duka bisa jadawali tun asuba har dare kamar da gaske, kwanaki a jere, in an samu babbar matsala a koma farko.

Otawa ta nuna abin da gaggawa ke haifarwa. An buɗe layin a Satumbar 2019, ba a jima ba ƙofofi suka fara maƙalewa, waya na tsinkewa, ƙafafu na tsagewa, a 2021 sau biyu jirgi na sauka daga kan dogo. Kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa ana tsakiyar gwajin ƙarshe aka sassauta makin da ake buƙata don a samu a ce an ci.

Gaba ɗaya shekara nawa ya kamata aikin ya ci?

In kuɗi na ajiye, fili babu rigima, shekara 3 zuwa 5 daga fara tono. Kasabalanka ta Maroko ta gama layinta na farko mai kilomita 31 cikin kimanin haka, aka buɗe ranar 12 ga Disamban 2012. Adis Ababa ma layuka biyu masu tasha 39 ta gina cikin shekara uku da wani abu ta buɗe na farko a Satumbar 2015, kan dala miliyan 475, kashi 85 rance ne daga bankin Exim na Sin. Na Abuja kuwa an ba da kwangila a 2007 ba a ƙaddamar ba sai Yulin 2018. Na Legas ya haura shekara goma kafin kilomita 13 na farko daga Marina zuwa Mile 2 su ɗauki fasinja. Kaga ba tsawon layi ne ke yanke hukunci ba, yadda kuɗi ke fita ne. Aikin da ake biya daga kasafin shekara-shekara, bana a saki rabi baɗi a manta, shi ne ke tsufa a hanya, kuma duk tsayawa sai an biya kuɗin dawo da injina da ma'aikata.

Me yasa kullum kuɗin sai ya ƙaru?

Ba a gari ɗaya ba ne. Wani masani ɗan Denmak, Bent Flyvbjerg, ya bi manyan ayyukan sufuri 258 a ƙasashe daban-daban ya gano na jirgin ƙasa a matsakaici suna haura ƙiyasinsu da kusan kashi 45 cikin 100. Wani ɓangare abin da ke ƙarƙashin ƙasa ne, wani tashin farashin ƙarfe da siminti da canjin kuɗi tunda jiragen da sigina daga waje ake sayo su, wani kuma canza zane ana tsakiyar aiki, a ƙara tasha nan a karkata layi can. Shi dai ra'ayinsa har da ganganci, ana rage lambar tun farko don a samu a amince da aikin, in an tona rami ai babu mai cewa a mayar da ƙasa.

Mu masu shago a bakin hanyar fa, wa zai biya mu cinikin da muka rasa?

Gaskiya mai ɗaci, wanda aka rushe wa gini ko aka karɓi filinsa shi doka ta fi sani da diyya. Wanda kwano ya rufe wa ƙofa shekara biyu kwastoma suka gudu, a yawancin wurare sai dai tallafi in gwamnati ta ga dama, rage haraji ko taimakon kuɗin haya. Abin da ya fi amfani shine ku haɗu tun kafin a fara ku nemi a rubuta muku: yanki-yanki za a rufe ba titin duka lokaci ɗaya ba, za a bar hanyar shiga da wurin sauke kaya, da ranar da za a cire shingen. Ka ɗauki hoton bangon gininka ciki da waje kafin injina su iso, don in ya tsage daga baya ba ka da wata hujja sai ita. Littafin ciniki ma a adana.

An yanka kyalle, manya sun hau an yi hoto. Shikenan an gama?

Ranar ƙaddamarwa daban, ranar da talaka zai sayi tikiti daban, tsakaninsu kan kai watanni. Bayan nan ma akwai sauran rina a kaba. Na Abuja ya tsaya a 2020 lokacin korona, yana ajiye ɓarayi suka yi ta sace kayan layin, sai da aka sake kashe kuɗin gyara kafin ya dawo a Mayun 2024. Adis Ababa jirage 41 ta saya, bayan 'yan shekaru fiye da rabinsu na kwance a gareji saboda babu kayan gyara, mutane na cika a tasha suna jira. Don haka tun ana gini ya kamata a tambaya wa zai tafiyar da shi, kwangilar kayan gyara ta shekara nawa ce, kuma gibin da ke tsakanin kuɗin tikiti da kuɗin gudanarwa daga aljihun wa zai fito, don kusan babu inda tikiti kaɗai ke riƙe jirgin cikin gari.

Yanzu da ake gwaji, zan iya ci gaba da tsallakawa ta inda na saba?

A'a, ka nemi inda aka ware. Daga ranar da aka sanar an kunna wuta ka ɗauka kowace waya a raye take, ko da ba ka ga jirgi ba, masu manyan motoci da masu ɗaukar tsani ko dogon rodi su kula da sama. Jirgin ba shi da ƙara kamar na dizal, sai ya zo dab da kai ba ka ji ba, balle kana da abin sauraro a kunne. Nauyinsa babu kowa a ciki ya kai tan 40, ƙafar ƙarfe ce a kan ƙarfe, ko direba ya taka burkin gaggawa jirgin na watsa yashi a kan dogo don ya kama sai ya ja tafiya kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Masu keke da babur kuma ku tsallaka dogon a gicciye, kar ku bi tsawonsa, kwarin nan daidai faɗin tayar keke yake.